Manjan Ƙauye da Haƙƙinsa a Wuyan Mutanen Zongo

Daga cikin ni'imomin da Allah Maɗaukakin Sarki ya keɓance ƙasashen kurmi da su, waɗanda kakanninmu fatake suka zo suka tarar a hannun masu ƙasa, mu kuma muka tashi muna cin moriyarsu safe da maraice ba tare da mun tsaya mun tambayi mafitarsu ba, babu wadda ta kai bishiyar kwakwar manja yawan fa'ida, babu kuma wadda mutanen birni suka jahilci sha'aninta kamarta. Da wuya a sami gida a Zongon Lome wanda rana za ta fito ta faɗi ba a zuba manja a tukunyarsa ba, ko a miyar kuɓewa, ko a wake, ko a doya da rogo. Amma da za a tambayi mai cefane wace mace ce ta dafa wannan kwakwa, a wane ƙauye, nawa ne kuma ya shiga hannunta daga cikin kuɗin da ya biya, da sai ya yi shiru. Abin da nake son tabbatarwa a wannan maƙala shi ne, rayuwar ƙauyuka masu yawa na kudancin Togo tana rataye da wannan ƙaramar sana'a ta matsar manja a hannun mutanen ƙauye, kuma mu mutanen Zongo, da yake muna cikin masu saye da masu jari da masu safara zuwa arewa, akwai haƙƙinta a wuyanmu wanda ba mu sauke ba tukuna.

Ya kamata mu fara tuna yadda aka yi muka zauna a inda muke. Hanyar goro ce ta jawo Hausawa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, kuma sa'ad da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, sai fatake da malamai suka bazu, waɗansu suka sauka Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru, shahararren malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934, waɗansu kuwa suka gangaro har bakin teku. Jamusawa sun kafa mulkinsu a wannan gaɓa a 1884, suka mai da Lome babban birni a 1897, Zongo kuwa ya girma tare da birnin, ya zama masaukin baƙo da mahaɗar cinikin shanu da goro. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar gari, aka mai da jama'a arewacin birni, wajen Agoe da Togblekope, tafiyar kimanin kilomita 15. Dattawanmu sun sha ɗacin wannan tashi, kuma ba a manta ba; sai dai hikimar Ubangiji ta ajiye mu a bakin babbar hanyar da ta tashi daga Lome ta ratsa Tsevie da Notse da Atakpame da Sokode da Kara da Dapaong, har Sinkase, ta wuce Wagadugu da Yamai. Duk abin da kurmi zai aika wa Sahel ta mota, ta ƙofar gidanmu yake bi, wanda kuwa aka zaunar a bakin hanya irin wannan ba ya da uzurin cewa bai san abin da ke wucewa ba.

Ita kwakwar manja 'yar asalin wannan yanki ce na Afirka ta Yamma, kuma tun kafin Bature ya san amfaninta mutanen kurmi suna cinta, suna shafa ta, suna yin sabulu da ita. Bayan da Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta fataucin bayi a 1807, masana'antun Turai kuma suka buƙaci mai domin sabulu da kyandir da shafa wa injuna, sai manja ya zama babban abin da jiragen ruwa ke zuwa ɗauka a wannan gaɓa. Sarki Gezo na Dahome, wanda ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858, ya ƙarfafa dasa kwakwa a ƙasarsa, ya kuma tsananta a kan sare ta. A zamanin Jamusawa manja da ƙwarar kwakwa suna sahun gaba na kayan da Togo ke fitarwa, kuma domin irin waɗannan kaya aka gina gadar jiragen ruwa ta Lome a 1904, aka shimfiɗa dogo zuwa Aneho a 1905, da Kpalime a 1907, sa'an nan na Atakpame. Abin lura a nan shi ne, mafi yawan man da ya cika waɗannan jirage, mata ne suka dafa shi suka kirɓa a ƙauyukansu da hannuwansu. Tun kafin wannan kuma, a 1848, aka kai dashe 4 na wannan bishiya lambun Bogor a tsibirin Jawa; aka buɗe gandun kasuwanci na farko a Sumatra a 1911, na Malaya a 1917; yau ga shi Indunusiya da Malesiya su ke fitar da kimanin kashi 85 cikin 100 na manjan duniya, har ya zama tataccen man da aka cire wa ja da ƙanshi yana sauka a tashar Lome cikin jarkoki, ana lodinsa a manyan motoci zuwa Nijar da Burkina Faso, yana wucewa ta gefen kurmin da asalin bishiyar yake.

Bayan samun 'yanci a 1960, shugabanni a Togo da maƙwabtanta sun ɗauka cewa maganin wannan koma-baya shi ne babban gandu da babbar masana'anta. A ƙarshen shekarun 1960 aka kafa kamfanin gwamnati na raya kwakwa da matsar mai, wanda aka sani da SONAPH, aka dasa ganduna, aka gina masana'anta a Agu, gindin dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar. Niyyar kyakkyawa ce, kuma babu mai musun cewa babban inji ya fi hannu tatse mai. Sai dai babbar masana'anta tana da sharuɗɗa masu nauyi: tana bukatar kwakwa ta iso ta cikin kwana ɗaya ko biyu da sarewa, domin da zarar ta daɗe sai man ya soma tsami, tana bukatar hanya mai kyau damina da rani, da motoci, da kayan gyara daga ƙetare, da kwakwa mai yawa a wuri guda wadda za ta ciyar da inji dukan shekara. Kwakwar Togo kuwa galibinta a warwatse take, a gonakin masara da rogo, a ƙasashen Zio da Yoto da Vo da Ave da Agu, kowane manomi da 'yan bishiyoyinsa. Saboda haka, da zamanin sayar da kamfanonin gwamnati ya zo, harkar ta fita daga hannun hukuma, matan ƙauye kuwa, waɗanda ba a lissafa su cikin babban shiri ba, suna nan a bakin tukwanensu, su ne kuma suke ciyar da kasuwa da jan manja har gobe.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake aikin ba, ba zai san yawan bakunan da ke ci daga nonon kwakwa guda ba. Da farko akwai saurayin da zai hau bishiya da igiya da adda ya saro nonon, a biya shi ladansa. Akwai masu ɗauka a ka, ko mai babur, daga gona zuwa gida. A bar nonon 'yan kwanaki ya saki, sa'an nan a sassara shi, mata da yara su tsince 'ya'yan daga cikin ƙaya, su fece datti. A zuba su cikin manyan durom a dafa har su yi laushi, wanda ke nufin mai itace ya samu, mai ɗebo ruwa ya samu. Daga nan a kirɓa a turmi, ko a tattake a cikin rami da aka daɓe, har tsokar ta rabu da ƙwallon. A zuba ruwa a dama, man ya taso sama, a kwashe shi a mai da kan wuta, a yi ta dafawa a hankali har ruwan ya ƙone, tataccen manja ya tsaya. A wannan mataki na ƙarshe ne gwaninta take, domin a nan ake fitar da manjan nan mai ƙanshi wanda mutanen Ewe ke kira zomi, wanda masu girki ke nema da suna, suna biyansa fiye da saura, kuma babu masana'antar Asiya da ke yin irinsa.

Ba a nan amfanin ya tsaya ba. Tuƙar da ta rage a shanya ta, ta zama makamashi mai saurin kama wuta. Ƙwallon a busar da shi, a fasa, a fitar da ƙwara, a sayar ko a soya a fitar da man alayyadi, wanda iyayenmu mata suka san darajarsa wajen shafawa da jego da sabulu. Abin da ya rage bayan an matse ƙwarar abincin dabbobi ne da kaji. Ɓawon ƙwallon maƙera suna hura wuta da shi, ana kuma zuba shi a hanyar da ta yi taɓo. Fankon nonon a ƙone shi, a tace tokar, a haɗa da mai a yi baƙin sabulu. Ganyen bishiyar kuwa shi ne tsintsiya da kwando da shinge da rufin rumfa. To, idan manomi ya sayar da nonon ɗanye aka ɗauke shi a mota zuwa nesa, kuɗi ɗaya ya shigo ƙauye, shi ke nan. Idan kuwa aka sarrafa shi a ƙauyen, sai ladan kowane mataki ya faɗa hannun wani ɗan garin, shi kuma ya kashe shi wajen tela da mai kifi da mai gini na garin. Wannan zagayawar kuɗi a tsakanin maƙwabta ita ce haƙiƙanin abin da ake nufi da raya karkara, kuma Ibn Khaldun ya riga ya bayyana a Muƙaddima cewa arzikin gari daga aikin hannun mazaunansa yake tasowa, sana'o'i kuwa suna yawaita ne gwargwadon yadda gari ya cika ya zauna da gindinsa.

Akwai kuma sirrin lokaci da sirrin hannun da kuɗin ke shiga. Kwakwa ta fi zuba ne daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, watau daidai ƙarshen rani da faɗuwar babbar damina, lokacin da rumbun masara ya yi ƙasa, ga bukatar iri da taki da ladan 'yan ƙwadago ta taso. Kuɗin manja shi ke cike wannan giɓi. Kuma da yake sana'ar ta mata ce tun asali, ribarta ta fi saurin isa ga tukunya da kuɗin makaranta da asibiti, ta shiga adashi, ta fito ta zama kwanon rufi ko akuya ko jarin 'ya mace. Ƙidayar jama'a ta 2022 ta nuna mutanen Togo sun haura miliyan 8, fiye da rabinsu kuwa a karkara suke zaune. Duk wanda ya tsaya a mararrabar Agoe da safe ya ga yawan samarin da ke tuƙa baburan haya, watau zemijan, ya san da yawansu 'ya'yan manoma ne da suka baro gida domin ƙauye ya kasa ba su abin yi tsakanin girbi da girbi. Kowace ma'aikatar manja da ta tsaya da ƙafarta a ƙauye tana riƙe da mai hawa, da mai dako, da mai walda, da bakanike, waɗanda da ba don ita ba da suna nan birni suna kwana a rumfar kasuwa.

Wata fa'ida kuma, wadda ta kamata ta fi taɓa zuciyar Musulmi, ita ce tsayuwar bishiyar kanta. A kudancin Togo da Benin al'adar masu ɗiban bammi ita ce su kayar da bishiyar ƙasa, su huda ta, su tari ruwanta na 'yan makonni, sa'an nan a dafa shi a fitar da barasar da ake kira sodabi. Bishiyar da ke soma haihuwa tana shekara 3 ko 4, ta ci gaba da ba da nono shekara 25 ko fiye, sai a gama da ita a wata guda. Ba na zargin manomin da ya sayar da bishiyarsa domin rashin lafiyar ɗa ko jana'izar uwa, gama bukata ba ta jira. Abin da nake cewa shi ne, manomi yana auna abu biyu ne, kuɗin kayarwa na yau da kuɗin nono na kowace shekara, kuma duk lokacin da manja ya yi daraja, mai saye ya tabbata, sai ma'aunin ya rinjaya wajen barin bishiya a tsaye. Ashe ke nan attajirin da ya sayi manjan ƙauye da farashi na adalci ya taimaka wajen rage barasa ta hanyar da wa'azi kaɗai ba zai kai ba, ya kuma tsare inuwa da ƙasar noma ga na baya. A kan wannan sai a ƙara maslahar lafiya: jan da ke cikin manja shi ne abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, wanda rashinsa ke jawo dundumi da raunin jiki ga yara, kuma wannan rashi ya fi tsanani a ƙasashen Sahel inda danginmu suke, tataccen man da ake shigowa da shi kuwa an riga an cire masa wannan ja.

Adalci ya wajabta a faɗi hujjar masu suka, domin tana da nauyi. Suna cewa aikin hannu ɓarna ne: babbar masana'anta tana fitar da kimanin kashi 20 cikin 100 na nauyin nono a matsayin mai, alhali turmi da rami, musamman da kwakwar daji mai kaurin ƙwallo da ƙarancin tsoka, da ƙyar su kai rabin haka. Suna cewa aikin yana cin ƙarfin mata, yana cinye itace, hayaƙi yana cutar ido da ƙirji, ruwan dagwalon da ake zubarwa yana ɓata rafi, kuma barin kwakwa ta daɗe kafin dafawa yana sa mai ya yi maƙaƙi ya kasa ajiyuwa. Duk wannan gaskiya ne. Amma maganinsa yana nan kusa, kuma an jarraba shi a maƙwabta. A Gana, a ƙasar Kwaebibirem da kewayenta, akwai ƙananan ma'aikatu da ake kira Kramer, inda mutum ɗaya ke da injin kirɓa da matsa, mata kuwa su kawo kwakwarsu su biya lada su tafi da mansu, kamar yadda matan Zongo ke kai masara injin niƙa su komo da garinsu; kuma irin waɗannan ƙananan masu sarrafawa su ke fitar da mafi yawan manjan Gana. Masu walda na gida suna iya ƙera waɗannan injuna su gyara su. Ga kuma iri mai kyau da ake kira tenera, mai siririn ɓawo da yalwar tsoka, wanda masana suka gano sirrin haɗa shi a Yangambi ta Kwango wajen 1940, tashar bincike ta Pobe a Benin kuma ta daɗe tana fitar da shi. Ƙaramin inji da dashe nagari da murhu mai tsimin itace da ramin tara dagwalo sun isa su kawar da mafi yawan aibin, ba tare da an raba ƙauye da sana'arsa ba.

Sai dai a nan akwai tarko wanda ya wajaba a yi hattara da shi. An sha gani a ƙasashe da yawa cewa sana'a tana hannun mata muddin wahala ce, ranar da inji ya shigo riba ta bayyana, sai masu kuɗi maza su saye ɗanyen kayan tun daga gona, matan da suka gaji sana'ar su koma 'yan ƙwadago a bakin injin wani. In haka ta faru, an ƙara yawan mai, an rage yawan masu ci, ƙauye kuwa bai ƙaru da kome ba. Saboda haka ma'aunin da za a auna kowane shiri da shi shi ne wannan tambaya: bayan an kawo injin, man da ya fito na wane ne? In na matar da ta kawo kwakwa ne, shirin alheri ne; in kuwa ya koma na mai injin shi kaɗai, to an gina ƙaramar masana'antar da ta gaji aibin babba ba ta gaji fa'idarta ba.

Yanzu sai mu juyo kanmu, 'yan'uwa. Gaskiya ne cinikin manja a kasuwannin Lome, daga Adawlato zuwa sauran, galibinsa a hannun matan Mina da Ewe yake, waɗanda duniya ta shaida ƙwarewarsu a kasuwanci. Amma safarar da ke haurawa arewa, da jarin da ke tafiya da ita, da amanar da ke haɗa mai gida a Lome da wakilinsa a Sokode ko Yamai ko Maraɗi, wannan fagenmu ne tun kaka da kakanni, har wani masani Bafaranshe, Michel Agier, ya rubuta littafi sukutum a 1983 a kan attajiran Zongon Lome da yadda zumunci ke riƙe da cinikinsu. Wanda yake da irin wannan matsayi yana iya gyarawa, yana kuma iya ɓatawa, hanyoyin ɓatawar kuwa sanannu ne, shari'a ta ambace su ɗaya bayan ɗaya. Akwai tarar mai kaya a hanya kafin ya isa kasuwa ya san farashi. Akwai ba da bashi da rani bisa sharaɗin da zai sa mace ta yi aikin shekara ta tashi hannu rabbana. Akwai saye da babbar jarka a sayar da ƙarama, alhali sura guda a Alƙur'ani mai girma an sa mata sunan masu tauye mudu domin tsananin gargaɗi. Akwai kuma algus, wanda ya fi duka muni: a 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana ta sami rinin Sudan, wanda ake rina fata da roba da shi, kuma ake tsoron yana jawo ciwon daji, a cikin manjan da ake sayarwa a kasuwannin Accra, an zuba shi ne domin man ya ƙara ja. Irin wannan ha'inci, in mutum ɗaya ya yi, sunan manjan ƙasa duka yake zubarwa, mai saye ya gudu ya koma ga man jarka.

Hanyoyin gyarawa ma suna cikin littattafan da muke karantawa a zaurukanmu, a babin ciniki na Risala da makamantanta, ba sai mun aro daga wani wuri ba. Na farko shi ne cinikin salam, watau attajiri ya biya kuɗi tun da wuri, a kan mai wanda aka san siffarsa, aka san mudunsa, aka san ranar kawo shi. Da wannan kuɗi ƙungiyar mata za ta sayi kwakwa lokacin da take da yawa, ta dafa ta da ɗanyenta, ba tare da ta faɗa hannun mai riba ba. Shi kuwa attajiri ya sami kaya mai kyau tabbatacce, da sharaɗin kada ya sayar da shi sai ya karɓa a hannu, kamar yadda malamanmu Malikawa suka hukunta game da abinci, kuma kada ya mai da bukatar talaka hujjar karya farashi. Na biyu shi ne ijara: mutum ko ƙungiyar 'yan kasuwa su sayi inji su kafa a ƙauye da yardar sarkin garin, su karɓi ladan matsa sananne, man ya zauna na masu shi. Na uku shi ne wurin ajiya: manja yana araha lokacin zubar kwakwa, ya yi tsada bayan 'yan watanni, kuma wanda ke cin wannan bambanci shi ne mai durom da ɗaki; in aka taimaki masu sana'ar da mazubi mai tsabta, aka raba ribar jira da su bisa kaso sananne, an yi tanadi halal, wanda ya sha bamban da ɓoye abinci lokacin tsanani domin a ƙuntata wa jama'a. Na huɗu shi ne buɗe kasuwar arewa da suna da amana, jarka ta tafi da sunan ƙauyen da ya yi ta da na attajirin da ya tsaya mata, har mai saye a Dapaong ko Yamai ya san abin da ya saya, ya san kuma wanda zai tuhuma.

Kada wani ya ce ai mutanen nan ba addininmu ɗaya ba. Haramcin zalunci da tauye mudu bai bambanta Musulmi da wanda ba Musulmi ba, haƙƙin maƙwabtaka kuwa ya hau kanmu tun ranar da kakanninsu suka ba kakanninmu wurin sauka. Musulunci ya shiga yawancin ƙasashen kurmi ne ta hannun fatake, mutane suka ga gaskiyar mudunsu kafin su ji karatunsu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya lissafa raya sana'o'i da kula da manoma da masu aikin hannu cikin wajiban shugaba, kuma abin da ya wajaba a kan shugaba a ƙasarsa, yana da kaso a kan mai gida a cikin harkarsa. Ina roƙon limamanmu da malaman zaure su ba babin ciniki haƙƙinsa a wa'azin Juma'a da karatun azumi, da misalan jarka da durom da bashin rani, domin mai sauraro ya gane hukuncin a kan abin da hannunsa ke taɓawa kullum.

Hukuma ma tana da nata. Hanyoyin ƙauye da mota za ta iya bi da damina, dashen tenera na gaskiya a farashin da manomi zai iya, malaman gona da za su koyar da tsabtar aiki da maganin dagwalo, da masu duba kasuwa da za su kama mai algus, waɗannan ba abin da ɗan kasuwa zai yi shi kaɗai ba ne. Asusun ba da ƙananan rance da gwamnati ta kafa a 2014 ya kamata ya dubi lokacin kwakwa wajen tsara bayarwa da biya. Dokar ƙasa da filaye ta 2018 ta daidaita mace da namiji wajen mallakar ƙasa, amma dasa bishiya mai shekara 25 sai wanda ya tabbata gonar tasa ce, saboda haka sai dokar ta sauka daga takarda ta isa gaban sarakunan ƙauye kafin mata su iya dasa tasu kwakwar.

Abin da ya rage namu ne, kuma ba ya bukatar jiran kowa. Shugabannin 'yan kasuwar Zongo su zauna da sarakunanmu da malamai, su zaɓi ƙauyuka kaɗan a wajen Tsevie ko Tabligbo ko Agu, su je da kansu su gana da ƙungiyoyin matan da ke wannan aiki, a daidaita a kan mudu ɗaya da siffa ɗaya da farashin da kowa ya yarda da shi, a rubuta a sa shaidu kafin kwakwa ta zuba. Uwayen gida kuma, waɗanda cefane ke hannunsu, su riƙa tambayar inda manja ya fito, su fifita na ƙauye mai tsabta ko da ya ɗara da kaɗan. In muka yi haka shekara biyu ko uku da gaskiya, sauran ƙauyuka da kansu za su aiko a zo, domin labarin mai biya da kyau ba ya ɓuya a kasuwa. Allah ya sa mu cika mudu, ya tsare dukiyarmu daga haƙƙin raunana, ya albarkaci ƙasar da ta karɓe mu da mutanenta baki ɗaya, amin.